Ɗanɗana da Cokalinta

A gidan nan ba mai ce mata Kaka. Ɗanɗana ake ce mata, har maƙwabta, har mai kawo kayan miya. Jikoki ne suka laƙa mata sunan, kuma ba su yi mata sharri ba. In dai ta ɗora tukunya, duk yaron da ya gifta ta ƙofar kicin sai ta cafko shi. "Zo nan, ja'iri, ɗanɗana!" Ta hura cokali, ta kai masa baki, ta tsura wa fuskarsa ido. In ya yamutsa hanci ta ƙara ruwa, in ya lashe leɓe ta sauke.

Abin da jikokin ba su sani ba, tun wani zazzaɓi da ya kwantar da ita, lokacin ɗanta na fari bai ma shiga makaranta ba, harshenta ya daina jin komai. Gishiri da sukari duk ɗaya ne a bakinta. Kunya ta hana ta faɗa wa kowa, sai ta koma aron harshen yara, don ta san yaro ba ya ɓoye abin da ya ji.

Shi ya sa girkin gidan ya bi bakin yara: barkono kaɗan, albasa sai ta narke don kada a tsince ta, nama luguf. 'Ya'yanta mata suka tafi da wannan hannu gidajensu, har yau ba wadda ke sauke tukunya ba ta ƙwala wa yaro kira ba. Mazansu masu son yaji sun yi mita har sun gaji, kowa ya koma ajiye barkononsa a gefe.

To, yara ba sa tsayawa yara. Ɗaya bayan ɗaya suka watse, har autar jikokin ta tafi karatu nesa. Gida ya rage daga ita sai ɗan nan nata na fari, wanda kafinta ne, da matarsa. Surukar ta daɗe tana roƙon ta huta, ita kuwa kicin ɗin nan shi ne abin da ya rage mata a duniya.

Ranar farko bayan tafiyar autar ta hura cokali, ta waiga, ba kowa. Wayyo, tsohuwa! Ta yi shahada ta zuba gishiri da ka. Aka ci, aka ce mata sannu da aiki, amma ita da ta ƙare rayuwarta tana karanta fuska, ta ga yadda suke ta kwankwaɗar ruwa. Washegari ta wanke cokalin ta jefa cikin kwando.

"'Yata, daga yau kicin naki ne," ta ce wa surukar. "Ƙafafun nan sun ƙi."

Ta shige ɗaki. In maƙwabciya ta leƙo ta ce "Ɗanɗana, kina ciki?" sai ta ji kamar an tsokane mata ciwo. Abinci ma ta rage ci.

Ran nan kafinta ya rufe shago tun kafin la'asar, ya shigo da garin katako a gemu, ya ɗora tukunya da kansa.

"Inna, tashi ki yi mana miya."

"Kai, rabu da ni. Ba yara a gidan."

"Ni fa? Ai da ni kika fara. Tun ina ƙarami na lura cokalin nan bai taɓa zuwa bakinki ba."

Kunya da daɗi suka haɗu suka rufe ta. Sannan ta miƙe, ba ƙafar da ta ƙi. Da miya ta tafaso, ƙaton mutum mai furfura ya durƙusa a ƙofar kicin ya buɗe baki. Ta hura, ta miƙa masa. Ya yamutsa hanci.

"Gishiri ya yi yawa, Inna."

"Ja'iri," ta ce, tana share ido da gefen ɗankwali, ta janyo kofin ruwa.