Kyandirin Ranar Alhamis

Shekarar da China ke shirin wasannin Olamfik, ina can ina sana'ar jakunkuna, kuma ni ne uban gida a wani masaukin matasan Katolika a bayan titin Huanshi, hawa na shida. Ba ilimi ne ya kai ni ba. Na taɓa yin katikis, mai koyar da addini a coci, a ƙauyenmu kusa da Kafanchan, ga furfura, shi ke nan Fada, limamin cocinmu, ya damƙa mini makulli. Matasa bakwai ne, 'ya'yan 'yan kasuwarmu, sun gama sakandare, aka turo su su zauna tare shekara guda kafin jami'a.

Ƙarfe shida muke tashi. Mu yi addu'ar safe ƙasa-ƙasa, ba waƙa, don tsohuwar da ke ƙasanmu ta taɓa kai ƙara. A sha shayi, a yi darasin Sinanci, sai a watse, wasu asibiti duba 'yan Afirka marasa lafiya, wasu su bi ni kasuwar Shiling ɗaurin jakunkuna. Girki bi da bi ne. Wata 'yar Jos takan tuƙa tuwo da garin shinkafa, sauran su yi ta tsokanarta wai da shi za mu liƙe kwalaye.

Ranar Alhamis bayan an ci abinci mukan kunna kyandir ya zagaya tebur. Wanda ke riƙe da shi ya faɗi abin da ke ransa. Ba a katse shi, ba a ba shi amsa, kuma maganar ba ta sauka daga hawa na shida. Ni da bakina nake maimaita wannan doka kowane mako.

A cikinsu akwai ɗan aminina, mai shekara goma sha tara. Wata Alhamis ya riƙe kyandirin har kakin ya zubo masa a yatsa, sannan ya ce wata uku ke nan yana jan carbi ba ya jin komai. Ya ce in aka aike shi kasuwar Tianxiu yakan tsaya kallon Kanawa suna jera sahu a bayan shago, sai ya ji yana sha'awar natsuwarsu. Bai ce zai bar coci ba. Ya dai ce ya gaji da yi wa Allah ƙarya.

Washegari na shiga shagon waya na kira ubansa a Kaduna. Na gaya wa kaina amana ce aka ba ni. Gaskiyar ita ce tsoro na ji, kada a ce a hannuna yaro ya ɓata.

Uban bai tsaya jin ƙarshen magana ba, ya ce a sa shi a jirgi. A lokacin an tsaurara biza saboda wasannin, wanda ya fita ba shi da ranar dawowa. Na san haka kafin in buga wayar.

Ni na raka shi bakin titi. Da tasi ta tsaya sai ya ce, "Baba, ai kai ka miƙo mini kyandirin."

Na ce, "Don alherinka na yi, ɗana."

Ya karɓi jakarsa daga hannuna ya shiga mota.

Mun ci gaba da zaman Alhamis har shekara ta ƙare. Kowa ya karɓi kyandir ya ce ya gode wa Allah da lafiya, ya miƙa gaba. Minti biyar an gama. 'Yar Jos ɗin ma ta daina wasa da ni, sai gaisuwa.

Yanzu ɗan aminin nawa yana Kaduna da iyalinsa. Uwarsa ta ce mini ba ya zuwa coci, ba ya zuwa masallaci, ranar Lahadi mota yake wankewa. Bara na same shi na roƙi gafara. Ya shimfiɗa mini tabarma, ya sa aka kawo ruwa, ya ce ba komai, ya manta. Na tambaye shi ko yana addu'a. Ya yi murmushi ya ce ya gode wa Allah da lafiya.