Mushe Kilik da Ordinatarsa Mai Rawani

Ku da kuka san kawuna Attahiru, wanda duk Agadas ke ce wa Mushe Kilik, wato Monsieur mai danna na'ura, kun san ba ya kunna ordinata, kwamfutar nan tasa, sai ya yi mata sallama. Wallahi kuwa! Da safe zai buɗe shagon nan nasa na bakin tsohuwar kasuwa, ya kwance mata rawani, don da baƙin rawani yake naɗe ta saboda rairayi, ya hure kilabiye, wato allon dannawa, sannan ya ce, "Tsohuwa, kin tashi lafiya? To, bismilla." Ita kuwa ta yi ta gurnani kamar raƙumin da aka ɗora wa gishirin Bilma. Sai ka dafa shayi ka sha zubin farko ba ta buɗe ido ba.

Na taɓa ce mishi, "Kawu, don Allah ka sayi sabuwa. Yanzu akwai 'yan ƙanana da ake sawa cikin jaka."

Ya dube ni ta saman tabarau. "Ke Rakiya! Abin da ya shiga jakarki ai zai shiga ta ɓarawo. Wannan kuwa, a turo ƙarti su ɗaga ta mu gani."

Malamin lekol ne fa da, wato makarantar boko. Da ya yi ritaya, sa'o'insa suka koma gindin inuwa, shi ya tasa wannan na'ura gaba yana dannawa har ta saba da shi. To, shekarun da baƙi masu yawon buɗe ido suka daina zuwa garin nan, kun tuna halin da maƙera da dukawa suka shiga. Azurfa jibge cikin akwati, ba mai tayawa. Kawu ne ya ce tun da baƙi sun ƙi zuwa Agadas, Agadas za ta je musu. Ya buɗe shafi a intanet da hannunsa, ya jera hotunan sarƙoƙi da zobba da jakunkunan fata, kowane da sunan mai shi.

Saƙon farko da ya shigo na wata Baturiya ne. Layi ɗaya tak, tana tambayar farashin wata sarƙa. Maƙerin, Malam Bilal, har yana rawar jiki. Kawu ya naɗe hannu.

"Mushe, ka amsa mata mana!"

"Ba ta gaishe mu ba."

"Haba Mushe, gidana babu hatsi!"

"Ko a kasuwa, haka ake faɗo wa mutum? Bari dai in koya mata."

Ya zauna ya rubuta mata da Faransanci: ina kwana, ina gajiya, yaya gida, yaya yara, yaya sanyin ƙasarku, yaya dabbobi in akwai. Can ƙasa ya maƙala farashin. Muka ce shi ke nan, ya kori ciniki. Washegari sai ga amsa ta cika allo: yara lafiya, sanyi da sauƙi, kyanwarta ce dai ba ta jin daɗi, kuma tana son sarƙar, har da ta ƙanwarta. Kawu ya juyo ya ce wa Malam Bilal, "To, sai ka yi wa kyanwa addu'a, ita ce abokiyar cinikinka."

Tsoron cutar ordinata kuwa, kai! Wani mai haƙar zinariya ya sauko daga Tchibarakaten da ƙatuwar mota, ya miƙo kile, ɗan abin ajiyar nan da ake soka wa ordinata, yana son a fitar mishi da hotuna. Kawu ya riƙe kilen da bakin yatsu kamar mataccen ɓera.

"Ina ya kwana?"

"A aljihuna."

"Kafin aljihunka fa?"

"Ordinatar wani abokina, a Arlit."

"Arlit! Inna lillahi!" Ya jefa shi cikin gwangwanin tumatir ya rufe, ya ajiye a waje. "Ka dawo gobe, sai an yi mishi rigakafi."

Mutumin ya fusata. "Tsoho, ka san zan iya sayen shagon nan dukansa?"

"Na sani, ɗana. In ka saya ka shigo da shi. Yau dai waje zai kwana."

Ranar da mijina ya dawo daga karatu a Yamai, ya zo yana yi wa Kawu bayanin zamani: wai yanzu ba a ajiye hotuna cikin na'ura, a gajimare ake ajiyewa. Kawu ya kama hannunsa ya ja shi ƙofar shago, ya nuna mishi sama, fes, ko ɗigo babu.

"Suruki, a garin nan aka haife ka. Ka taɓa ganin gajimaren da ya tsaya mana? Shi zan ba ajiya?"

Da ƙarfinsa ya fara raguwa, sai ya ɗauki wani sabon aiki. Ya riƙa bin lungunan tsohon gari yana ɗaukar hotunan tsofaffi da muryoyinsu, wannan tana waƙar daka, wancan yana faɗin yadda ake shirya ayari, yana ɗorawa a shafin. Muka yi ta yi mishi tsiya, wai wa zai sayi tsofaffi? Ya ce ba na sayarwa ba ne.

Da Allah ya yi mishi rasuwa, ana zaman makokinsa wayata ta yi ƙara. Wani magidanci ne daga Tamanrasset, ban san shi ba. Ya ce yana can neman abinci mahaifiyarsa ta rasu nan Agadas, bai samu jana'iza ba, kuma duk duniya babu inda muryarta ta rage sai shafin Mushe Kilik. Ya so ya yi min ta'aziyya, kuka ya hana shi. 

Allah, ga bawanka Attahiru ya zo maka. Ka yafe mishi kurakuransa, ka yalwata makwancinsa, ka sada shi da tsofaffin nan da ya ƙi yarda a manta da su. Amin.