Garin da ya juya wa teku baya

Na shiga ɗakin ƙanena Nura na tarar ya zabga tagumi gaban kwalayen takalman da na kwaso masa daga kasuwar takalma ta Zhanxi Lu. Tsara birane yake karantawa a nan Guangzhou, an ce kowa ya haɗa garin shaƙatawa na bakin teku da kwali. Malamin ya dawo masa da nasa: ko ya gyara kafin Litinin, ko ya maimaita shekara.

Na leƙa garin. Otal-otal duk suna bayan dutse, an zagaye su da katanga. A bakin tekun kuwa ya jera masu wankin mota, masu buga bulo da mashayar shanu.

Na ce, "Kai wane irin sakarai ne? Ni da ban gama sakandare ba, a littafin gwanjo na karanta cewa ruwan ake zuwa kallo."

Ya ce, "Yaya, a garinmu wane mai hankali ne ke gini a bakin ruwa? Ga sauro, ga ambaliya, ga aljanu. Kai aka ba ka fili, ina za ka zaɓa?"

Na daɗe ina hararar kwalayen. Sai na nuna bayan dutse.

Haka muka ciccibo otal-otal muka dire bakin ruwa, ranmu bai so ba. Mashayar dai na rantse ba mai taɓa ta.

Litinin Nura ya tsallake da ƙyar. Malamin ya tambaya ko shanun ƙasarmu ruwan gishiri suke sha.

Tsakani da Allah, mutum ya hau jirgi don kallon ruwa kawai, mu ne ba mu waye ba ko su?