Geron Malam, Daga Kano Zuwa Kusada

Tun kafin a kira assalatu na bar masaukina a Kano, da jakata a kafaɗa, da maƙalu uku a cikinta waɗanda suka hana ni barci. A jami'ar da nake karatu a Turai, ba littafi guda ake rubutawa don digirin dakta ba. Maƙalun da ka buga a mujallu kake tarawa, ka yi musu doguwar gabatarwa da za ta nuna cewa aiki ɗaya ne. Nawa duk a kan gero suke: ɗaya kan taki a wata gona a Kankia, ɗaya kan wuta-wuta a Kafin Soli, ɗaya kan yadda gero ya jure farin da aka yi a Tafashiya. Malamina Bature ya ce gonaki uku yake gani, bai ga kundi ba. In ban kawo abin da ya haɗa su ba kafin ƙarshen zango, za a rufe fayil ɗina. Na rantse ba zan koma hannu rabbana ba.

Kankia

Akori-kura na samu, na zauna gaba tsakanin direba da wani mai buhunan gishiri. A shinge wani soja ya buɗe jakata, ya ga takardu zalla, ya mayar mini cikin tausayi. Da hantsi muka sauka.

Malam Iro, mai gonar farko, tsohon ɗalibin mahaifina ne. Dukan manoman ukun haka suke, don inda za a ba ni tabarma da tuwo nan na yi bincikena. Ya sake yi mini gaisuwar Malam, wato mahaifin nawa, wanda ya rasu ina Turai. Na zuba masa tambayoyi kan ƙasa da ruwa.

"Ɗan Malam, sha hura tukun," in ji shi. "Boko dai bai iya zama ba."

Da zan tafi ya cusa mini zangarniya biyu daga cikin waɗanda ya ware don iri. Na karɓa don kunya kawai.

Kafin Soli

A bayan babur na je, ƙafafuna suna neman sharar ƙasa. Malam Ɗanjuma na gona ana ɗaurin dami. Ƙasarsa jigawa ce, ta Malam Iro kuwa da laka-laka, wato maimakon haɗi sai bambanci na ƙara samu. Raina ya ɓaci sosai. Na ci ɗanwake, na kwana a zaurensa. Da safe shi ma ya kawo zangarniya biyu.

Tafashiya

Motar 'yan kasuwa ta ajiye ni a bakin hanya, na ƙarasa da ƙafa. Baba Mati ya tsufa, amma bakinsa na nan. Na buɗe jaka zan ciro maƙala, zangarniyun suka zubo kan tabarma. Ya ɗauka ya jujjuya.

"Wa ya ba ka gerona?"

Na ce na Kankia ne da na Kafin Soli.

"To ai duk ɗaya na. Geron Malam na. Ran da ka yi sauka, in za ka koma garinku, sai ya shiga rumbu da kansa ya ɗauko maka zangarniya bakwai, ya ce ka shuka, kada ka tsaya jiran sadaka. Ni tun sannan ban sake iri ba. Halan ba ka sani ba?"

Ban sani ba. Ina ƙarami aka kai ni makarantar kwana, kuma Malam ba mai faɗin kyautarsa ba ne. A maƙaluna kowane gero sunan garinsa na ba shi. Na jera geron Baba Mati kusa da waɗancan: tsawo ɗaya, cika ɗaya, launi ɗaya. Wani daɗi ya rufe ni.

Kusada

Baba Mati ya hana ni tafiya sai da na ci tuwo. Na ari kekensa, na iso gida bayan la'asar. Yaya Sani, wanda ya gaji makarantar allon Malam, yana zaure. Ko ruwa ban sha ba na tambaye shi.

"Gaskiya ne," ya ce. "Har yau muna bayarwa. Kai kaɗai ka tahi ba ka amshi naka ba, da yake ba nan ka yi sauka ba."

Na ɗauko tabarma na zauna gindin rumbun, na rubuta jimlar farko: wannan kundi labarin iri ɗaya ne a gonaki uku, da yadda ya yi da taki da wuta-wuta da fari. Daga nan alƙalami bai tsaya ba sai da aka kira magariba.

Na gode wa Allah da ya kawo ni lafiya, na gode wa dattawan nan uku da mai babur da bai kayar da ni ba. Da muka idar da salla, Yaya Sani ya shiga rumbu ya fito da zangarniya bakwai ɗaure da wata tsohuwar igiya.

"Malam ya ware su shekarar da zai rasu," ya ce. "Ya ce in ka gama naka karatun a ba ka."

Na ce ban gama ba tukuna.

"To gama. Suna nan."