Stojadin, Mai Barin Farantin Ƙarshe

Kullum da sassafe, kafin injinan masana'anta su fara ruri, Stojadin Perunović kan zagaya ɗakunan da aka harhaɗa jiya, yana bin gefen kowace taga da bayan hannu. In ya ji iska na shiga, ko ta kai sirantar gashi, sai an kwance an sake. Wannan watan zai ajiye aiki, gwiwoyi sun ce sun gaji. Ba wanda zai rataya masa lambar yabo, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Sana'arsa ita ce gidajen da ake ƙerawa a masana'anta, a ɗauko a mota, a dasa: bango mai riƙe ɗumi, manyan tagogi masu kallon kudu, farantan sola a rufi. Irinsu aka kawo ƙauyenmu na bakin kogin Drina shekarar da tudu ya zaftaro mana. Kowa ya tare ban da Kaka Milojka, wadda ƙasar ta danne wa miji. Ta kafe a tsohon gidanta da ya tsage, ga dusar ƙanƙara na tafe, ga tudun bai gama motsi ba.

A wurinmu, ranar ɗora rufi maƙwabta kan kawo riguna da tawul a rataya a sama, magini ya hau ya kira sunan kowane mai kyauta, ya sa albarka. Sabon gidan Milojka kuwa da rufinsa ya zo. Stojadin, wanda ya zo dasa gidajen, ya je lallashinta.

"Kaka, gidan nan ko itace ba ya ci, rana ce za ta ɗumama ki," in ji Stojadin.

"Kai ɗan nan, rufa mini baki. Gidan da ba a kira sunan kowa a kansa ba ai akwati ne. Akwati kuwa sau ɗaya zan shiga, ranar da za a binne ni."

"To in na kira fa?"

"Da wannan murya taka ta tsohon zakara?"

Sai ya hau ya kwance farantin sola guda, ya aika wa maƙwabta cewa rufi bai kammala ba. Suka zo da tawul da riguna. Yana cikin kira, tsohuwar ta miƙo wata farar riga a ninke, ta mijinta. Stojadin ya ɗaga ta ya yi kira: "Ga kyautar Dobrivoje ga gidan matarsa! Allah ya jiƙansa, ya tsare wadda ya bari!" Na ga ƙarti suna share ido da hula. A ranar tsohuwar ta tare. Kafin ƙanƙara ta narke, tsohon gidan ya rufta ba kowa a ciki.

Tun daga nan bai ƙara fitar da gida da farantin ƙarshe a ɗaure ba.

Stojadin, kai ne ka san toshe kafar iska ba ya isa a ce an yi gida. Mun gode, Allah ya ba gwiwoyin nan hutu. Ku kuma matasan da za ku gaje shi, komai saurin injinku, ku bar wa masu gida abin da za su ƙarasa da hannunsu.