Masarar da Baba Ya Gani a Fim

Har yau 'ya'yana suna kallon tsohon fim ɗin nan na mutanen wata duniya da jirginsu ya sauka a gonar wani Bature. Nakan zauna ina tsaki, amma ba na tashi sai ya ƙare.

A Malumfashi na fara ganinsa, gidan maƙwabcinmu malamin makarantar mishan, mai bidiyo. Lokacin Baba ya cire ni daga aji biyu na sakandare don noma, ni kuwa ina son komawa. Na ce in ya ga abin da boko ke ƙerawa, zai sake tunani. Na lallaɓa shi muka je bayan la'asar.

Jirgin ya sauko da fitilu, kowa ya saki baki. Baba ya matsa gaban talabijin.

"Malam, tsayar min nan. Masara ta fara goyo suka kwantar da ita haka? Mai gonar bai kai ƙara wajen mai gari ba?"

Na ce, "Baba, jirgin za ka duba. Masu ilimi suka ƙera shi."

"Na gan shi. Ilimin da bai hana su sauka a gonar mutane ba? Ko shanu sun san burtali."

Malam ya yi dariya har da hawaye. A hanyar gida Baba ya yaba tazarar shukar Baturen, ya ce haka za mu yi tamu. Da ni aka yi ta, makaranta kuwa ban sake shiga ba.