Madam Germaine da jijiyar wuyan Alhaji Ilyasu

Kafin ƙarfe bakwai Madam Germaine ta riga ta sauka daga mashin, ta buɗe tagogin ɗakin gwajin jini, ta jera kwalabenta. Shekara talatin da ɗaya ke nan tana haka a wani ɗan asibiti bayan babbar kasuwar Garoua ta ƙasar Kamaru. Dokta ake yi wa godiya, ita kuwa hannunta da allura kawai ake tunawa. Ƙarshen watan nan za ta ajiye farar riga, kuma wallahi zuciyata ta ƙi yin shiru.

Duk layin 'yan atamfa sun san labarinta da Alhaji Ilyasu. Shekara takwas da suka wuce ya je mata da jiri.

"Alhaji, ka ci wani abu?"

"Ko ƙwayar gero ban sa a baki ba, Madam."

"Shayi fa?"

"Haba, shayi abinci ne? Kofi uku kacal."

Ta mayar da allura mazauninta. "Sai gobe. Ruwa zalla."

Washegari gwaji ya nuna sukari da kitse sun hau, ma'aunin kumburin cikin jiki da suke kira CRP shi ma ya ɗan ɗaga. A garin nan kuwa, da zarar an ga haka sai a ce palu ne, zazzaɓin sauro, a haɗiyi magani a koma shago. Alhaji ma haka ya so. Amma ba zazzaɓi, jininsa kuma babu palu. Ta sake aunawa bayan mako uku, abin na nan.

Ta sha ganin irin wannan: tumbi, sukari, da kumburin da ke ci a ɓoye, sai bangon jijiya ya riƙa kauri ba ciwo ba alama, har ranar da ɓarin jiki zai shanye. Ta kwashi takardun da kanta, ta tsaya a kan dokta sai da ya rubuta a ɗauki hoton wuyan Alhaji. Hoton ya nuna jijiyar da ke kai jini ƙwaƙwalwa ta fara tsukewa.

Alhaji ya ninke takardar ya cusa a aljihu. "Tumbin nan gadon gidanmu ne."

Ran Asabar sai ga ta a shagonsa, gaban abokansa.

"Maraba da Madam! Wane zane za a yanko?"

"Ba zane ya kawo ni ba. Yayanka Dawuda ma haka ya ce mini, wai tumbi gado ne, har ɓarin jikinsa ya shanye. Yau wa ke ba shi abinci a baki?"

Waɗanda ke wurin sun ce Alhaji ya daɗe yana kallon hannunsa na dama. Ran Litinin ya fara shan magani.

Madam Germaine, ke ce kika tsaya inda wani zai miƙa takarda ta taga ya kira na gaba. Ke ce uwar masu taurin kai! Mun gode, Madam, useko in ji Fulani, Allah ya ba ki hutu mai daɗi. Ku kuma matasan da za ku gaji kujerarta, ku riƙa ɗaga kai daga lambobi ku dubi mai jinin.

Alhaji Ilyasu ya ce in gaya miki kada a aika masa mota ranar walimar ritayarki. Da ƙafarsa zai zo.